Harajin gida a Ingila: rangwamen kashi 25 ga mai zaman kaɗaici ya isa adalci?

Anti Mai Jinya:
Assalamu alaikum jama'ar wannan zaure. Tunda Maris ya kama kuma takardun harajin gida (Council Tax) na ƙananan hukumomi sun fara shigowa, ina so mu tattauna wani abu. Ni kaɗai ce a gidana, don haka ana cire mini kashi 25 cikin ɗari. To ku duba lissafin. A ce harajin gidan fam 1,800 ne a shekara. Ni zan biya 1,350 daga albashi ɗaya. Gidan da ke jikin nawa, gini iri ɗaya, manya huɗu ne a ciki kuma kowa na aiki, 450 kowannensu zai kawo. Ledar shara ɗaya nake fitarwa a mako, amma ina biyan ninki uku na abin da kowannensu ke biya. Idan doka ta ɗauka mutum biyu ne a gida, me ya sa in mutum ɗaya ne ba a raba kuɗin biyu? Rabi ya kamata a cire, ba rubu'i ba.

Malam Sada:
Wa alaikumus salam Anti. Allah ya ba da haƙuri, amma ni ta wani ɓangaren nake kallo. Gidana manya biyu ne, ni da uwargida, sai yara huɗu. Tana gida tana kula da su, albashi ɗaya ne ke shigowa kamar naki, kuma baki shida yake ciyarwa. Cikakken kuɗi muke biya, ko kwabo ba a rage mana. Ga kuma wani likita ko lauya da ke zaune shi kaɗai a gida mai ɗakuna biyar, an cire masa rubu'i ba tare da an tambayi nawa yake samu ba. Kuma da yake harajin gidansa ya fi yawa, abin da aka yafe masa ma ya fi na talaka yawa. In aka mai da shi rabi kamar yadda kike so, ai a kanmu masu iyali giɓin zai dawo.

Anti Mai Jinya:
Malam Sada, 'ya'yanka huɗu suna amfani da ɗakin karatu da filin wasa da motar shara da duk abin da ake yi da kuɗin nan. Ba na ƙyashi, Allah ya raya su. Amma kada a ce ni ce ake wa alfarma.

Akanta Ɗan Zazzau:
Bari in sa baki, don akwai dalilin da ya sa aka tsaya a 25. Dokar da ta kafa wannan haraji ta 1992 ce, ya fara aiki 1 ga Afrilu 1993. An tsara shi ne kashi biyu: rabi na gidan kansa, rabi na mutanen da ke ciki, kuma an ɗauka manya biyu ne, kowanne da rubu'i. Idan babba ɗaya ne sai a cire rubu'in na biyun da babu shi. Rabin gidan yana nan daram ko mutum nawa ne a ciki. Shi ya sa gidan da duk mazaunansa ba sa shiga lissafi, a wasu yanayi rabi ake cirewa ba duka ba.

Anti Mai Jinya:
To na uku da na huɗu fa? Ina rubu'insu?

Akanta Ɗan Zazzau:
Babu shi Anti. Daga biyu lissafi ya tsaya. Ko manya takwas ne kuɗin ba ya ƙaruwa. A nan kam kina da gaskiya.

Jamilu Direba:
To a ƙirga kawuna mana a huta. Kowane baligi ya biya nasa daidai wa daida, ba gwauro ba mai iyali. Ni ban ga abin wahala a nan ba.

Baba Tanko:
Jamilu ɗana, an yi wannan, kuma ina ƙasar nan aka yi shi. Gwamnatin Firaminista Margaret Thatcher ce ta kawo harajin kai, aka fara a Sikotland a 1989, Ingila da Wales a 1990. Kowane baligi kuɗi ɗaya a yankinsa, da mai gidan sarauta da mai share masa tsakar gida. Iyalan da ke cunkushe a ƙananan gidaje, irin namu baƙi da 'yan Asiya masu zama da iyaye da ƙanne, su suka fi jin jiki, domin gida ɗaya sai ya tashi da takarda biyar. Mutane miliyoyi suka ƙi biya, kotuna suka cika. Ranar 31 ga Maris 1990 aka yi babbar tarzoma a dandalin Trafalgar a Landan, dawakan 'yan sanda cikin jama'a, motoci na ci da wuta. Kafin ƙarshen shekarar, a Nuwamba, Thatcher ta sauka, kuma wannan haraji na cikin manyan abubuwan da suka ci ta. John Major da ya gaje ta ya ba ministansa Michael Heseltine aikin nemo mafita, shi ne aka haɗa wannan da muke biya yanzu, rabi gida rabi mutum, don a kashe wutar.

Mu da muka taso a Arewa ba baƙon abu ba ne a wurinmu. Mun ga yadda dagaci da mai unguwa suke bin magidanta kuɗin haraji, mai shi da marar shi kuɗi ɗaya, har mutum ya gudu ci-rani don ba shi da abin biya. Shi ne abin da su Malam Aminu Kano suka daɗe suna yaƙa, kuma da PRP ta ci Kano da Kaduna a 1979, Abubakar Rimi da Balarabe Musa suka soke haraji da jangali. Don Allah kada wanda ya sake roƙa mana harajin kai, ko a can ko a nan.

Jamilu Direba:
Allah ya ƙara girma Baba. Amma har yanzu ina ganin manya huɗu masu albashi su biya daidai da miji da mata, akwai gyara.

Hajiya Umma:
Ni abin da ke damuna daban ne, kuma ban ga wanda ya taɓo shi ba. Su wa ke zaman kaɗaici a ƙasar nan? A ƙidayar 2021 kusan gida uku cikin goma a Ingila da Wales mutum ɗaya ne a ciki, kuma da yawansu tsofaffi ne. Ba likitan da Malam Sada ya kawo ba ne, mata ne da mazansu suka rasu. Akwai wata baiwar Allah da muke zuwa wa ta'aziyya bara. Tana cikin takaba, tana zaune a kan darduma da carbi, ga tulin wasiƙu a gefenta ba ta buɗe ba. Da muka zauna muka duba mata, fanshon mijin ya tsaya, kuɗin da ke shigowa gidan ya ragu ƙwarai, kuɗin wuta da na ɗumama ɗaki bai san an yi rasuwa ba, harajin gida kuma rubu'i kawai zai sauka, shi ma sai ta cike takarda ta nema. Ba ya zuwa da kansa. Wata uku ta yi tana biyan cikakke ba ta sani ba, sai daga baya aka mayar mata.

Sannan ga wani abu da ya shafe mu musamman. Mu ba mu saba barin mutum shi kaɗai ba. 'Yar ƙanwarta ta so ta dawo wurinta ta ɗebe mata kewa, yarinyar tana aikin kula da tsofaffi, albashinta kaɗan ne. Ranar da ta sauke akwatinta a gidan, rangwamen ya tafi. Wato tsarin yana cin tarar mutum don ya riƙe ɗan'uwansa. Haka uwa mai renon ɗanta ita kaɗai: yaro ya cika 18, ya bar makaranta, ko aiki bai samu ba, sai takarda ta ƙaru da ɗaruruwan fam.

Malam Sada:
Hajiya wannan gaskiya ne, kuma hujjata ce ma. Abin dubawa shi ne abin da ke shigowa gida, ba yawan kawuna ba. Ita wannan baiwar Allah ta cancanci fiye da rubu'i, shi kuma mai kuɗin bai cancanci komai ba.

Akanta Ɗan Zazzau:
Akwai tallafi na masu ƙaramin ƙarfi daban da wannan rangwame, amma tun Afrilun 2013 gwamnatin tsakiya ta soke na ƙasa baki ɗaya ta ce kowace ƙaramar hukuma a Ingila ta tsara nata. 'Yan fansho an kare su da ƙa'ida ɗaya ko'ina. Masu shekarun aiki kuwa sai abin da garinku ya ga dama: wani wuri a yafe maka duka, wani wuri ko ba ka da aiki sai ka biya wani kaso. Kuma ku lura da kyau, duk wanda bizarsa ta hana shi cin tallafin gwamnati, wannan tallafin yana cikin abin da aka hana shi, kada ya nema ya ɓata takardunsa. Rangwamen kashi 25 kuwa ba ya cikin jerin abubuwan da aka hana, kowa na iya nema. Shi ya sa Malam Sada, in aka soke shi aka ce a koma duba samu, yawancin 'yan'uwanmu masu bizar aiki za su tashi a tutar babu.

Ɗalibar Digiri Na Uku:
Don Allah Yaya Akanta tambaya. Ni ɗaliba ce cikakkiya, mijina ya biyo ni a kan bizata, yana aiki. An aiko mana da takardar biya. Haka ne?

Akanta Ɗan Zazzau:
Ƙanwata, ɗalibi mai cikakken karatu ba ya shiga lissafi, kuma gidan da duk ɗalibai ne ba ya biyan komai. Miji ko matar ɗalibi wanda ba ɗan Birtaniya ba, kuma bizarsa ta hana shi aiki ko ta hana shi tallafin gwamnati, shi ma ba a ƙirga shi. Ki karɓo takardar shaidar ɗalibta daga jami'a, ki haɗa da shaidar bizarsa ki tura musu. Amma kada ki ajiye takardar ki yi shiru kina jira. A Ingila in ka tsallake biya ɗaya za su aiko da tunatarwa ta kwana bakwai, in ka wuce sai kuɗin shekarar baki ɗaya ya hau kanka, daga nan kotun majistare, a ƙara kuɗin kotu, sai masu karɓar bashi su ƙwanƙwasa ƙofa. Har ɗaurin wata uku doka ta yarda da shi ga wanda aka tabbatar ya ƙi biya da gangan. Wales ta daina ɗaure mutane a kan wannan tun 2019, Ingila ba ta daina ba.

Ɗalibar Digiri Na Uku:
Na gode Yaya, Allah ya saka da alheri. Gobe zan je ofishin ɗalibai.

Akanta Ɗan Zazzau:
Amin. Yanzu ku ba ni dama in faɗi abin da ke raina tun ɗazu. Anti da Malam Sada suna ja-in-ja a kan rubu'i, alhali su biyun duka ana cutarsu a wurin da ya fi wannan girma nesa ba kusa ba. Gidajen Ingila an kasa su rukuni takwas, A zuwa H, bisa abin da gida zai yi kuɗi ranar 1 ga Afrilu 1991. Ba a sake kimantawa ba har yau. Ko gidan da aka gama ginawa bana, sai an ƙiyasta nawa zai yi a 1991 kafin a ba shi rukuni. Rukunin A shi ne gidan da bai wuce fam 40,000 ba a lokacin, D daga 68,001 zuwa 88,000, H kuwa duk abin da ya haura 320,000, babu rufi. To H ninki uku na A kawai yake biya. Gida ya fi naka daraja sau takwas, ko sau ɗari, harajinsa ninki uku ne kacal. Saboda haka gwargwadon ƙanƙantar gidanka, gwargwadon nauyin harajin a kan darajarsa.

Ga kuma bambancin gari da gari. A shekarar kuɗi ta 2024 zuwa 2025 matsakaicin harajin rukunin D a Ingila fam 2,171 ne. A Westminster, tsakiyar Landan, bai kai 1,000 ba. A Nottingham ya haura 2,500. Rukunin H ninki biyu ne na D, wato katafaren gida na miliyoyin fam a Westminster bai kai 2,000 ba. Mai zaman kaɗaici a rukunin D a Nottingham, bayan an cire masa rangwamen nasa, kusan abin da mai wancan katafaren gida ke biya shi ma yake biya. Westminster na samun kuɗi mai yawa daga wuraren ajiye motoci da harkokin kasuwanci, garuruwan da masana'antunsu suka mutu ba su da wannan, ga mabukata sun fi yawa, ga yawancin gidajensu A da B ne, dole su ɗaga kuɗin. Tun 1991 farashin gidaje a Landan ya yi tashin da na arewa maso gabashin Ingila bai yi ko kusa ba, amma takarda ba ta nuna haka.

Anti Mai Jinya:
Innalillahi. To me ya hana a sake kimantawa?

Akanta Ɗan Zazzau:
Tsoron masu zaɓe. An shirya yi a Ingila a 2007, gwamnatin Labour ta lokacin ta ɗage tun 2005, ba wanda ya sake kusantar maganar da gaske. Wales ta yi nata, ya fara aiki a 2005 bisa farashin 2003, har ta ƙara rukuni na tara. Gidaje da yawa sun hau sama, aka yi ta ƙorafi, 'yan siyasar Ingila suka ga haka suka ja da baya. Wanda aka rage wa ba ya fitowa godiya, wanda aka ƙara wa kuwa ba ya mantawa ranar zaɓe.

Baba Tanko:
A nan zan rabu da kai Akanta. Ni gidana a Landan yake, na saye shi lokacin unguwar ba mai son ta, na biya shi da aikin dare shekara da shekaru. Yau an ce ya yi daraja. Ni ban ga darajar a aljihuna ba, fansho nake ci, bulo kuma ba ya sayen burodi. In aka sake kimantawa aka ninka mini haraji, sai in sayar in bar masallacin da nake salla da maƙwabtan da za su ɗauki gawata? Irina muna da yawa, kuma da yawanmu su kaɗai ne a gidan, wato mutanen da Hajiya take magana a kansu.

Akanta Ɗan Zazzau:
Allah ya ja kwana Baba. Masu neman gyara sun san da irinku. Akwai ƙungiyar Fairer Share da ke neman a soke wannan haraji a koma kashi 0.48 cikin ɗari na darajar gida ta yanzu a kowace shekara, kuma a tsarinsu wanda ba shi da kuɗi a hannu zai iya jinkirta biya har ranar da aka sayar da gidan.

Baba Tanko:
Jinkirtawa bashi ne, kuma bashin hukuma a ƙasar nan da wuya ya zo ba ruwa a kansa. Na wahala na raba kaina da riba, ba zan koma cikinta da furfura ba. Sannan in na mutu a cire daga gadon marayu kafin a raba. Ban yarda ba.

Malam Sada:
Baba ka yi mini afuwa, amma mu da muke haya a arewacin Ingila, ba mu da bulo ko ɗaya da za mu bar wa 'ya'yanmu, mu muke ɗauke da nauyin nan yanzu haka. Ai a Ingila mai haya ne ke biyan harajin, ba mai gida ba, in ban da gidan da ake haya ɗaki-ɗaki. Ba na so a tashe ka daga gidanka, Allah ya kiyaye. Amma a ce saboda haka ba za a taɓa lissafin 1991 ba har abada, wannan ma zalunci ne a kan wasu.

Hajiya Umma:
Ku tuna kuma ina kuɗin ke tafiya. Mutane suna ɗauka shara ce da fitilun titi. Kaso mafi tsoka na manyan ƙananan hukumomi yana tafiya ne wajen kula da tsofaffi da naƙasassu da yaran da ke hannun hukuma. Shi ya sa kusan kowace shekara ake ƙara kusan kashi 5, wanda 2 daga ciki na kula da manya ne. Ƙaramar hukumar Birmingham da ta bayyana a Satumbar 2023 cewa ba za ta iya daidaita kasafinta ba, an ba ta izinin ƙara kusan kashi 10 a shekara ɗaya. Kula da tsoho mai ciwon mantuwa nauyi ne na ƙasa baki ɗaya, bai kamata a ɗora shi a kan harajin da ya fi danne talaka ba. Anti, ke da kike aikin jinya kin fi ni sanin wannan.

Anti Mai Jinya:
Na sani Hajiya. Muna riƙe tsofaffi a gadon asibiti sun warke, don babu wanda zai kula da su a gida. Na ji bayanin Akanta kuma ya buɗe mini ido, amma ban sauka daga maganata ba. Gyaran rukunai shekara talatin ana jiransa. Rangwamen kuwa abu ne da za a iya gyarawa a kasafi ɗaya. A Satumbar 2024 da aka yi ta raɗe-raɗin za a soke shi, kwana biyu mutane irina ba su yi barci ba, sai daga baya gwamnati ta ce ba za ta taɓa shi ba. Ko a Ireland ta Arewa, inda tsarinsu daban ne, kashi 20 ake cire wa mai zaman kaɗaici kuma sai ya kai shekara 70. Ko'ina mai zama shi kaɗai kamar an ɗauka yana da rara.

Akanta Ɗan Zazzau:
Akwai ɗan motsi daga sama. A kasafin Nuwamban 2025 ministar kuɗi ta lokacin, Rachel Reeves, ta sanar da ƙarin kuɗi a kan gidajen Ingila da suka haura fam miliyan 2, daga 2,500 zuwa 7,500 a shekara, zai fara a Afrilun 2028. Sai dai baitulmalin gwamnatin tsakiya kuɗin zai shiga, kuma bai rage wa mai rukunin A ko B komai ba.

Jamilu Direba:
To watan Mayu ake zaɓen kansiloli a wurare da yawa. In sun zo ƙofa neman ƙuri'a mu tambaye su wannan. 'Yan Najeriya da Gana da Kamaru masu izinin zama suna da damar yin rajista su yi zaɓe saboda ƙungiyar Commonwealth, ko da bizar karatu ce. Da yawa cikinmu ba su ma sani ba.

Ɗan Damagaram:
Ku kuna da wannan damar Malam Jamilu. Mu 'yan Nijar, da 'yan'uwanmu na Chadi da Sudan, ba ma cikin ƙungiyar. Ina zaune a Ingila, ni kaɗai a ɗaki da falo, ana cire mini harajin nan daga asusu wata goma a shekara, daga Afrilu zuwa Janairu, amma ba ni da ƙuri'a a zaɓen waɗanda ke yanke shi. Da a Sikotland ko Wales nake da na yi zaɓe, don can duk baƙon da ke zaune bisa doka yana zaɓen ƙaramar hukuma. Idan ɗan takara ya zo ƙofarku, ku haɗa masa da wannan tambayar a madadinmu.